Motocin gwamnati: saye ba wuya, riƙo ne aiki

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai ya samu natsuwa.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, da wuya wata ya wuce ba mu ga hoton wani gwamna riƙe da almakashi a gaban jerin sababbin bas-bas ba. An ɗaura musu ƙyalle, an manna hotonsa a jiki, magoya baya suna ta yaɗawa. Ni ma ina murna, domin na san abin da kuɗin mota yake yi wa albashin ƙaramin ma'aikaci. Amma duk sanda na ga irin hoton nan, tambaya ɗaya ce take zuwa min: ina na baya suke?

Kwanaki hanya ta bi da ni ta bayan garejin wata hukumar sufuri ta jiha, ba sai na kama suna ba. Katangar ta zube ta gefe guda, sai ga su nan a jere: dogayen motoci a kan duwatsu, ba taya, ba gilashi, ciyawa ta fito ta tsakanin kujeru, awaki sun samu inuwa. Abin da ya fi tsaya min a rai fentinsu ne. Kala uku daban-daban. Wato gwamnatoci uku, kowacce ta sayo nata, kuma duk a wuri ɗaya suka ƙare.

To mu ɗan waiwaya, tunda waiwaye adon tafiya ne.

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP. A shekarar litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi, aka kuma karya darajar naira. Nan da nan sabuwar mota ta gagari ɗan kasuwa, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. Masana'antun haɗa motoci da muke taƙama da su, irin su Fijo ta Kaduna, Steyr ta Bauchi da ANAMMCO ta Inugu, su ma suka shiga halin ni-'yasu, domin yawancin kayan da suke haɗawa daga waje ake shigo da su. Motocin haya suka ragu a kan titi, ma'aikata suka koma tafiyar ƙasa. A watan Afrilun 1988 aka sake ƙara kuɗin mai zuwa kwabo 42, zanga-zanga ta ɓarke daga Jos ta bazu zuwa wasu garuruwa.

A wannan shekara ta 1988 ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a na birane. Ta samar wa jihohi bas-bas da kayan gyara a kan bashi mai sauƙi, jihohi kuma suka kafa kamfanonin sufuri, masu shi tun da can suka farfaɗo da nasu. Duk wanda ya taso a Arewa ya san sunayen: Kano Line, KSTA ta Kaduna, KTSTA ta Katsina, Borno Express, Yankari Express ta Bauchi, NSTA ta Neja. Daga baya sababbin jihohi suka bi sahu, irin su Yobe Line da Gombe Line. Kuma a faɗi gaskiya, sun yi rana. Da yawanmu a cikinsu muka fara tafiya makaranta. Iyaye sun fi sakin jiki da su, saboda akwai tikiti, akwai rajistar sunan fasinja, direba kuma yana da ofishin da za a kai ƙararsa.

Sai dai manufar farko ita ce a sauƙaƙa wa talakan birni zuwa aiki da kasuwa. Kafin a ankara, yawancin kamfanonin nan sun bar cikin gari sun koma lodin gari zuwa gari, domin a can kuɗin yake. Cikin gari aka bar wa kiya-kiya da tasi, daga baya acaɓa ta mamaye. A wurare da dama ma, motar da ka gani da fentin jiha ba ta gwamnati ba ce: ta ɗan kasuwa ce, ya yi mata fenti, yana biyan balas don ya yi lodi a tashar. Sunan yana nan, amma motocin sun tafi.

Me ya cinye su? Wani dattijon bakanike da ya yi ritaya daga irin wannan wuri ya taɓa warware min zare da abawa. Ya ce mota ba ta mutuwa rana ɗaya. Za ta tsaya saboda ƙaramin abu, a rubuta takardar neman kuɗin gyara, takarda ta kwanta a ofis wata biyu. Kafin nan wata motar ta buƙaci batir, sai a cire na wadda ta tsaya. Gobe a cire taya, jibi a cire giya. Ranar da kuɗin ya fito, babu abin da ya saura sai ƙwarangwal. Ƙarshe a yi gwanjonta a farashin ƙarfe.

Ka haɗa da sauran cututtukan da kowa ya sani. Gwamna ya tsayar da kuɗin mota ƙasa da abin da ake kashewa a mai da juye da albashi, amma ba a sa cikon a kasafin kuɗi ba. A kwashi motoci a kai taron siyasa ko bikin ɗan wane, ba wanda ya biya. Kuɗin tikiti yana yawo hannu da hannu daga kwandasta zuwa akawu, yana raguwa a kowane zango. Ba a ware ko sisi don sayen madadin motar idan ta tsufa. Sannan duk gwamnan da ya zo ya rushe hukumar gudanarwa, ya naɗa nasa mutanen.

Shi ya sa tarihin yake ta maimaita kansa. Ranar 1 ga Janairun 2012 aka wayi gari lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cak, aka dawo da ita 97. Me gwamnatin Jonathan ta fito da shi don kwantar da hankali? Shelar bas 1,600 da shirin SURE-P. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a nan Arewa. Me aka fito da shi? Bas-bas masu amfani da iskar gas. Sau uku ke nan cikin shekara 35: a ƙara kuɗin mai, a yi kuka, a sayo motoci.

Ku duba Kano. A 2005 gwamnatin Malam Shekarau ta shigo da babur mai ƙafa uku don ɗaukar mata, har sunan shirinta na A Daidaita Sahu ya bi shi. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa, ɗan sahu ya gaje titi baki ɗaya. Da 'yan sahu suka yi yajin aiki a 2021 da 2022 kan kuɗaɗen da ake karɓa a hannunsu, kowa ya ga yadda birni mai miliyoyin mutane ya koma tafiya a ƙasa. A ƙarshen 2022 gwamnatin Ganduje ta fito da bas 100 da tasi 50, ta hana 'yan sahu bin wasu manyan tituna, aka yi caa, ta janye. Gwamnoni uku, dabara uku. Darasin a fili yake: sufurin birni ya fi ƙarfin wa'adin mutum ɗaya.

To wa ya kamata ya sa ido? A nan gizo ke saƙa.

A takarda, masu gadi uku ne. Na farko hukumar gudanarwa, wadda aikinta ta tsare manaja da tambaya. Amma idan mutum ɗaya ne ya naɗa manajan da 'yan hukumar, kuma kujerar ladan wahalar zaɓe ce, wa zai tsare wa?

Na biyu Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, wato Odita Janar. Ga wani abu da yawancinmu ba mu sani ba. Sashe na 125 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ba shi ikon binciken asusun hukumomi da kamfanonin gwamnati kai tsaye ba. Abin da ya ce shi ne ya ba su jerin sunayen ƙwararrun masu bincike su zaɓi ɗaya, ya yi sharhi a kan rahoton da ya fito, ya kuma riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Ka ga ke nan idan hukuma ta ƙi rufe littafinta na shekara, abin da zai yi sharhi a kai ma babu.

Na uku Majalisar Dokoki. Rahoton Odita Janar gabanta ake kai shi, tana da kwamitin asusun gwamnati da zai duba. Sashe na 128 kuma ya ba ta ikon binciken duk hukumar da ke kashe kuɗin da ta amince da su, don tona almundahana da ɓarna. Ikon yana nan. Amma ku gaya min tsakani da Allah, yaushe rabon da ku ji majalisar jiharku ta kira manajan kamfanin sufuri, a gaban 'yan jarida, ta ce ya ƙirga mata motocin da aka damƙa masa?

Wato gwamnati ce mai mota, ita ce direba, ita ke yanka kuɗin mota, ita ce kuma mai bincike. An ba kura ajiyar nama, an ce ita za ta kawo lissafi.

Kada a ce cutar ba ta da magani. Bari mu leƙa Legas, domin su ma sun sha wannan ciwo, sun ma riga mu. Tun 1958 hukumar birnin Ikko ta karɓi kamfanin bas na wani Bagirke mai suna Zarpas ta mai da shi na gwamnati. Shi ne daga baya ya zama kamfanin sufurin jiha, LSTC, shi ma ya bi hanyar da muka sani, molue da danfo suka gaje titi. Jirgin ƙasan cikin birni da Gwamna Jakande ya ɗauko a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985.

A 2002 suka canza salo. Suka yi dokar kafa hukuma mai suna LAMATA, ta fara aiki a 2003 da tallafin bashin Bankin Duniya. Bambancin shi ne ba a kafa ta don ta zama mai tuƙa mota ba. Aikinta ta tsara hanyoyi, ta ba da kwangilar gudanarwa, ta kafa sharuɗɗa, ta sa ido. Da aka buɗe layin BRT na farko a Maris 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, gwamnati ta gina titi da tashoshi, amma bas 100 na farko ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta saya da bashin banki. Kuɗin tikiti kuwa ta hannun bankin yake bi, ya cire nasa kafin ya miƙa saura. Ka ga an samu wanda barcinsa zai ƙaurace idan mota ta kwana a gareji. Shugaban hukumar na farko, Dayo Mobereola, ya riƙe ta daga 2003 zuwa 2015, ba a ce sabon gwamna sabon manaja ba.

Ba wai Legas ta zama aljanna ba fa. Har gobe danfo ne ke ɗaukar mafi yawan jama'a, kuma jirginsu na Blue Line sai da ya haura shekara goma ana gini kafin ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023. Amma layin da aka buɗe a 2008 yana nan yana aiki, an ma tsawaita shi zuwa Ikorodu, gwamnoni sun zo sun wuce. Ba don 'yan Legas sun fi mu tsoron Allah ba ne. Sun dai raba mai tuƙi da mai sa ido.

Saboda haka idan aka sake jera mana motoci, mu yi tafi, amma mu biyo da tambaya. Nawa aka sayi kowacce, a hannun wa? Wa zai gudanar da su, ina yarjejeniyar? Idan an rage kuɗin mota, nawa ne cikon, a wane layi yake cikin kasafi? Nawa aka ware wa gyara? Bayan wata shida, guda nawa ke fita aiki kullum? Ina rahoton binciken kuɗin bara? Kuma muna da hurumin tambaya: akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, a Afrilun 2025 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kan jihohi ma. Takarda ɗaya ce za ka rubuta. Ɗan majalisar mazaɓarku ma ba a sama yake ba, kuna haɗuwa da shi a wurin ɗaurin aure.

Mu ma fasinjoji da namu laifin. Mai yaga kujera, mai ba kwandasta rabin kuɗi don kada a yanka tikiti, mai cewa ai kayan gwamnati ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wannan ba maganar jam'iyya ba ce. Garejin nan da na gani bai san ja ko kore ba, kowa ya kai masa yana karɓa. Wanda ke biyan kuɗin sakacin nan shi ne malamar firamare da ke raba albashinta da ɗan sahu, da yaron da ya daina zuwa makaranta ranar da babu kuɗin mota, da tsohon da ya fasa zuwa asibiti.

'Yan uwa, a jiharku motoci nawa aka ƙaddamar daga 2023 zuwa yau, kuma nawa kuke gani a kan titi da idonku? Ku faɗa mana, mu fara ƙirgar da kanmu. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin tambaya.