Tsohon Man Suya A Tankin Mota: Nazari Kan Tace Shi Da Raba Shi Da Ruwa

A baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a shekarar 1900, an tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla, ya yi ta aiki lafiya lau. Tun daga lokacin aka san cewa injin da Rudolf Diesel ya ƙirƙiro ba ya ƙin man girki. Arahar man da ake haƙowa daga ƙasa ce ta binne maganar. Ta sake tasowa ne a Jamus da Ingila da Amurka, inda wasu masu motoci suka shiga bin gidajen abinci suna kwashe man da aka gama soya dankali da kaji da kifi da shi, su gyara shi a gida su ɗura a tanki. A Ingila ma, tun 2007 hukumar haraji ta ɗauke wa duk wanda bai kai lita 2,500 a shekara ba biyan harajin irin wannan mai. Nazarin nan bai shafi sarrafa man da sinadarai ya koma bayodizal ba. Ya tsaya ne kan man da ake zuba wa inji yadda yake, bayan an tace shi an cire masa ruwa. Kuma maganar ta injin dizal ce kawai, wanda direbobinmu ke ce wa mai shan gas. Injin fetur ba ya cikin lissafi.

Matsalar da kowa ya fara sani ita ce kauri. A zafin digiri 40, man girki ya ninka dizal kauri kusan sau goma. Shi ya sa ake sa tanki biyu: a tayar da mota da dizal, idan inji ya ɗau zafi ruwan lagireto ya ɗumama man girkin zuwa digiri 70 ko 80 ya tsinke, sannan a juya, kafin a kashe mota kuma a koma kan dizal. Wannan ya haɗa sabon mai da tsoho. Abin da ya keɓanci tsoho shi ne abin da suya ta bari a cikinsa.

Duk mai tuyar ƙosai ta san cewa abin da ake jefawa a kasko da ruwansa yake zuwa. Ƙarar da ake ji ruwan ne ke tafasa. Galibinsa yana tafiya a tururi, amma saura na maƙalewa, sannan a ƙara da ruwan wankin tukunya da na sama da ke shiga duron da aka ajiye a bayan kicin. A cikin mai, ruwa kashi uku ne. Akwai wanda ya ware ya kwanta a gindin duro, domin ya fi mai nauyi: litar ruwa kilo ɗaya ce, ta mai kuwa wajen giram 920. Akwai wanda ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo yana yawo a ciki, shi ne ke sa mai ya yi hazo. Na uku ya narke ne gaba ɗaya, ido ba ya ganinsa. Kashi na farko wasan yara ne. Na biyu shi ne abokin gabar inji, kuma shi ne aka fi yi wa sakaci.

Lissafi zai nuna ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Ƙa'idar Turai ta man dizal, EN 590, ba ta yarda ruwa ya wuce miligiram 200 a kilo ɗaya ba. Ta Jamus mai lamba DIN 51605, wadda aka tsara don man girkin da ake zuba wa inji kai tsaye, ta tsaya a 750. A duro mai lita 200, hakan bai kai giram 140 na ruwa ba, wato ƙaramin kofin shayi. Dalilin tsananin shi ne famfon mai da injekta da man da ke ratsa su suke samun santsi. Ɗigon ruwa yana yanke wannan santsin, ƙarfe ya gogi ƙarfe, idan mota ta kwana kuma tsatsa ta kama. Ruwan ma ba shi kaɗai yake tafe ba. Gishirin da aka barbaɗa wa abinci a ruwa yake narkewa, ba a mai ba, don haka kowane ɗigo ruwan gishiri ne. Tsofaffin injinan Marsandi irin su OM617 sun yi suna wajen haƙuri da irin wannan mai. Injinan zamani kuwa, masu matse mai da ƙarfin da ya kai bar 1,600 zuwa sama, ratar da ke tsakanin ƙarafansu 'yan maikiron ce, ba su da wannan haƙurin ko kaɗan.

Tacewa ita ce aikin da mutane suka fi so, watakila don ana ganin sakamakonsa da ido. Ana farawa da rariya, a bi da jakunkunan tacewa daga maikiron 100 zuwa 25 zuwa 10, a ƙare a 5 ko 1. Kaurin silin gashin mutum wajen maikiron 70 ne. Akwai abin lura biyu. Lambar da ke jikin jaka mai araha ƙiyasi ce, tana barin wani kaso ya wuce, idan aka matsa mata da famfo kuma ramukanta buɗewa suke yi. Na biyu, tace mai da zafi ya fi sauri, amma kitsen nama da ya narke zai bi ya wuce, ya je ya daskare a filtar mota da sanyin asuba. Tacewa da sanyi ta fi cin lokaci, ta fi kama kitse. Duk da haka ƙyalle, kome kyansa, ba ya riƙe ruwa. Mai zai iya fitowa garau yana sheƙi alhali yana ɗauke da abin da zai kashe famfo.

Abin da ke raba mai da ruwa shi ne ɗumi da lokaci, kuma akwai hujjar kimiyya a kan haka. A 1851 masanin lissafi George Stokes ya nuna cewa saurin nutsewar ƙwaya a cikin abu mai ruwa-ruwa ya dogara ga girmanta da kaurin abin da take ciki. Idan faɗin ɗigo ya ragu da rabi, saurinsa zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan ake gane wautar bi da tsohon man ta famfo mai gudu tun kafin ya kwanta: famfon farfasa ɗigon yake yi, abin da zai kwanta a kwana biyu ya koma na makonni. Daga nan kuma ake gane amfanin zafi, domin ɗumama mai daga digiri 20 zuwa 60 na rage kaurinsa fiye da sau uku. Sai dai muddin wuta na ci a ƙarƙashin duro, man yana juyawa ne sama da ƙasa, ba abin da zai kwanta. Hanyar ita ce a ɗumama, a kashe wuta, a lulluɓe duron ya huce a hankali, sannan a tsiyaye ruwa da laka ta ƙasa, a ɗebi na sama. A ganina tsarin da ya dace ke nan: rariya, kwanciya, tsiyayewa, sannan tacewar ƙarshe. Wanda ya fara da ƙaramar jaka asarar jaka kawai yake yi.

Wasu kan zaɓi tafasa man ya wuce digiri 100 ruwan ya ƙone. Ba na goyon bayan haka. Ruwan da ke gindin duro idan ya koma tururi yana kumbura kusan sau 1,700, yana iya watso tafasasshen mai a fuskar mutum. Ban da haɗari, tururi ne ke tashi, gishirin yana nan, kuma ƙarin zafi ƙara tsufar da man yake yi. Na'urar da ke wulwula mai da gudu ta jefar da datti da ruwa gefe ta fi wannan nesa ba kusa ba, illa dai tana buƙatar jari da wutar lantarki.

Gwaji kuwa ba ya buƙatar ɗakin bincike, ko da yake ainihin adadi sai da hanyar da Karl Fischer ya fito da ita a 1935. A ɗora kasko ya yi zafi sosai, a zuba cokali ɗaya na man. Idan ya yi ƙara ko ƙananan kumfa suka taso, da sauran aiki. A ɗebo abin gwajin daga ƙasa-ƙasan duro, domin na sama kullum shaidar zur yake bayarwa.

Akwai abin da tacewa da kwanciya duka ba sa magancewa. Ruwa da zafin suya suna farfasa man ya saki asid, kuma wannan asid narke yake a ciki. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana yauƙi ya wuce gyara ta wannan hanya. A nan ne maganar ta taɓa mu. A Kano ko Maraɗi, mai tuyar awara ko doya ba ta zubar da mai, ƙari take yi a kansa, domin litar man girki ta fi ta gas tsada. Abin da ya rage a ƙarshe kaɗan ne, kuma shi ne mafi lalacewa. Manja da danginsa kuma daskarewa suke yi da hunturu. Wanda ke tunanin gwada wannan a motarsa ko injin niƙansa, ya nemi mai daga manyan otal-otal da kamfanonin soye-soye masu canza shi a kan kari, ya ba shi kwanakinsa a duro, kuma kada lita ɗaya ta shiga tanki sai ta yi shiru a kasko.