Gilashin da Ya Zama Aji

A shekarun 1950, wasu likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun riƙa lura da wani abu mai ɗaure kai. Sai a kwantar da mutum asibiti, ya samu sauƙi, a sallame shi, amma da ya koma gida ciwo ya dawo sabo fil. Al'adar aikin a lokacin, wadda aka gada daga Sigmund Freud, ita ce likita ya kulle ƙofa da majiyyaci shi kaɗai, dangi kuwa su tsaya a waje. Ɗalibi ma haka yake koyo: ya gana da majiyyaci, daga baya ya je ya labarta wa malaminsa abin da ya iya tunawa. Malamin bai taɓa ganin aikin da idonsa ba.

Ɗaya daga cikin wuraren da sauyi ya faro shi ne garin Palo Alto na jihar Kalifoniya. A 1952 Gregory Bateson, Baturen Ingila masanin al'adun al'umma, ya soma bincike kan yadda mutane ke isar wa juna saƙo. Ya yi aiki da Jay Haley da John Weakland da likita Don Jackson, kuma a 1956 suka fitar da maƙalar da ta yi tashe. Sun ce yaron da aka raina da saƙo mai harshen damo, baki na kiransa ya matso, jiki na korarsa, zai iya kamuwa da taɓin hankali mai tsanani. Binciken baya bai tabbatar da wannan ba, kuma iyaye mata da yawa sun sha zargin da ba su cancanta ba. Abin da ya ɗore shi ne tushen tunanin: iyali tamkar saƙa ne, in an ja zare ɗaya sauran ma sai sun motsa.

Jackson ya kafa cibiyar Mental Research Institute a ƙarshen shekarun 1950, inda Virginia Satir ta jagoranci shirin horar da masu jinyar iyali. A 1962 aka soma buga mujallar Family Process, Haley ne editanta na farko.

To, amma ta yaya za a koya wa mutum zama da uba da uwa da 'ya'ya uku, kowa na magana a lokaci guda? Amsar ita ce gilashi mai gani ta gefe ɗaya: na ciki yana ganin madubi, na baya yana ganin komai. Salvador Minuchin, likita haifaffen Ajantina, ya yi amfani da shi a makarantar Wiltwyck ta kangararrun yara a jihar New York, inda yawancin iyalan talakawa ne baƙaƙen fata da 'yan Puerto Rico. Da ya karɓi shugabancin asibitin kula da yara na Filadelfiya a 1965, shi da Haley da Braulio Montalvo suka mai da ɗakin gilashin aji. Ɗalibi na ciki da iyali, malami na bayan gilashi, ga waya a bango. Idan uwa ta yi ta amsa tambayoyin da aka yi wa 'yarta, sai wayar ta yi ƙara, malam ya umarci ɗalibi ya sauya musu wurin zama, ya bar yarinyar ta yi magana da mahaifinta. Har mutanen unguwa marasa digiri suka horar ta wannan hanya, domin sun ga su ne suka fi sanin halin da maƙwabtansu ke ciki.

A Italiya abin ya ɗauki wani salo. Mara Selvini Palazzoli, likitar da ta daɗe tana jinyar 'yan matan da ke ƙaurace wa abinci har su rame, ta haɗa ƙarfi da Luigi Boscolo da Gianfranco Cecchin da Giuliana Prata a birnin Milan a farkon shekarun 1970. Biyu su shiga wurin iyali, biyu su tsaya bayan gilashi. Kafin a tashi sai a dakata, su huɗun su keɓe su yi shawara, sannan a dawo da saƙo guda. Tsakanin zama da zama wata ɗaya ne, da farko saboda iyalai na zuwa daga nesa, daga baya suka gane tazarar kanta tana da amfani. Su ne suka shahara da tambayar zagaye: ba za a tambayi mata yadda take ji da mijinta ba, ɗansu za a tambaya me baba yake yi idan mama ta yi shiru. Bayan rabuwar ƙungiyar wajen 1980, Boscolo da Cecchin suka duƙufa ga koyarwa, ɗalibai na zuwa musu daga ƙasashe daban-daban.

Sai dai an soma ƙorafi. Ina adalci a ce masana na tattauna sirrin gidan mutane a inda masu gidan ba sa ji? A 1985, a garin Tromso na arewacin Norway, Tom Andersen da abokan aikinsa suka juya lamarin. Suka kunna fitila da lasifika a nasu ɗakin, iyali suka zauna suna saurarensu, sannan suka faɗi abin da suka yarda da shi da wanda suka ƙi. Wannan ya tilasta wa masanan tauna magana kafin su furta ta.

A Birtaniya a yau, horon yakan ɗauki shekara huɗu ana yi ana zuwa aiki, biyun ƙarshe su ne na digiri na biyu. Cibiyoyi irin su Tavistock da Institute of Family Therapy, wadda aka kafa a Landan a 1977, suna karɓar waɗanda suka riga suka ƙware a wani fanni: ma'aikatan jinya, jami'an walwalar jama'a, masana halayyar ɗan Adam. Ɗalibai kan yi aiki cikin ƙaramin rukuni, suna ganin iyalai da ma'aurata bi da bi a gaban malami. A wurare da yawa kyamara ta maye gurbin gilashin, kuma ba a kallon kowane iyali ko ɗaukar hotonsu sai an yi musu bayani sun amince.