Kalmomin Turanci masu nufin "babu komai" da muhallin kowacce

Turanci yana da kalmomi fiye da goma masu nufin "babu komai", amma kowacce da muhallinta. Wadda ta dace da hirar abokai na iya zubar da ƙimar marubuci idan ta shiga wasiƙar neman kwangila ko rahoton ofis.

Kalmar gama-gari ita ce "nothing", wadda ake amfani da ita a magana da rubutu ba tare da aibu ba. Sai dai a daidaitaccen Turanci ba a haɗa ta da wata kalmar korewa. Mai son cewa "ba ni da komai" zai ce "I have nothing" ko "I don't have anything". Jimlar "I don't have nothing" tana nan a wasu kare-karen harshen, amma kuskure ce a takardar hukuma.

A fagen lissafi, "zero" ce ta fi karɓuwa. Asalinta kalmar Larabci ce, "sifr", wadda Hausa ta aro ta zama "sifili". Ta shiga Turai ta hanyar Italiya, inda masanin lissafi Fibonacci ya rubuta ta da sigar Latin, "zephirum", a littafinsa na shekarar 1202. Mutanen Birtaniya kan ce "nought" ga alƙalamin 0, sannan wajen karanta lambar waya sukan furta shi "oh".

Ma'aikatan gwamnati sun fi saba wa da "nil", wadda ta fito daga Latin. Ana rubuta ta a gurbin fom don nuna cewa babu abin da za a bayyana, kamar yadda "nil return" ke nufin rahoton da aka miƙa alhali ba a samu komai ba. Amfaninta shi ne toshe gurbin, don kada wani ya cusa adadi daga baya. A asibiti, "nil by mouth" na nufin kada majinyaci ya ci ko ya sha. A ƙwallon ƙafa, ci 2 da nema shi ne "two-nil" a Ingila, amma "two-nothing" a Amurka.

Ita kuwa "null" ta lauyoyi ce. Idan kotu ta ce yarjejeniya ko zaɓe ya zama "null and void", to ya rushe, tamkar ba a taɓa yin sa ba. Ɗan kasuwa ya kula da ita a duk takardar da zai sa wa hannu. Akwai kuma "naught", tsohuwar kalma ta adabi, da ake ji a "come to naught", wato abu ya tashi a tutar babu.

Kalmomin hira sun haɗa da "zilch" da "zip" na Amurka, da "nada" da aka aro daga Sifaniyanci, da "nowt" ta arewacin Ingila. Suna ƙara wa zance armashi, galibi cikin raha ko takaici, amma ba su da gurbi a wasiƙar banki. Wasanni ma da nasu: "love" a tanis, "duck" a kurket.

Ƙa'idar a taƙaice: adadi "zero", fom "nil", shari'a "null", sauran rubutu "nothing". Idan shakka ta taso, "nothing" ce mafi aminci.