Gardamar Da Ta Girmi Madubin Hangen Nesa

Mu mutanen ƙasar Jibiya, daga Riko har Magama, muna zaune ne tsakanin Katsina biyu. Bayan birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta koma arewa ta kafa mulki a Maraɗi, inda bori ya ci gaba da zama a ƙarƙashin Iya, alhali a kudu malamai suna yaƙarsa. Saboda haka maganar gaibu da iskoki da ikon Allah ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da yake sabo shi ne yadda matasanmu suka shigo da batun faɗaɗar sararin samaniya cikinta, wasu suna cewa kimiyya ta tabbatar da Mahalicci, wasu kuma suna tsoron ta kore shi.

Tun kafin su, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tambayi masu falsafa ko Allah yana da ikon ƙara wa sama kamu ɗaya a kan girmanta. Su suna ganin duniya ba ta da farko, shi kuwa yana cewa fararriya ce.

A ƙasar Hausa gardamar ta shigo ne ta littafin Ummul Barahin na Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. A cikinsa ne aka jera sifofi ashirin da suka wajaba ga Allah, da kishiyoyinsu da suka koru gare shi, kowace da hujjarta ta hankali: duniya tana sauyawa, mai sauyawa fararre ne, fararre kuwa sai da Mafari. Karatu ne mai kyau. Amma sai aka sami wasu malamai, waɗanda Fulani suke kira Kabbenkoɓe, suka mai da shi sanda. A wurinsu, duk wanda bai iya kawo waɗannan hujjoji ba, imaninsa bai inganta ba, ko da kuwa goshinsa ya yi baƙi don sujada. Manomi da makiyayi da tsohuwa mai kaɗi duk suka zama abin tuhuma.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya tsaya musu. Ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kansu, yana nuna cewa Manzon Allah da sahabbansa sun karɓi musuluncin talakawa ba tare da yi musu jarrabawar ilmin kalam ba. Bai hana karanta hujja ba. Abin da ya ƙi shi ne a rataye imanin mutum a kanta. Mu kan tuna Shehu da yaƙi, mu manta wannan, alhali a ganinmu yana cikin manyan alheran da ya yi wa jama'a.

Kada kuma a ɗauka malamanmu ba su ɗaga kai sama ba. Muhammadu Al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara da hisabi da ilmin taurari da hatimai, ko da yake a zamaninsa lissafi da sirri a kwano ɗaya suke ci.

Faɗaɗar sama kuwa, wani limamin coci ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, shi ya fitar da ita a lissafi a 1927. A 1929 Edwin Hubble na Amurka ya nuna da awo cewa garkunan taurari suna nisantarmu, mafi nisa shi ne mafi gudu. Littafin likita Maurice Bucaille na Faransa, na 1976, ya yaɗa fahimtar cewa aya ta 47 ta Suratuz Zariyat wannan take nufi, ko da yake yawancin malaman tafsiri na dā sun fassara kalmar da iko da yalwa.

Nan ne muke jin ƙanshin Kabbenkoɓe, domin an sake ɗaure imanin talaka a jikin hujjar da ba kowa ne zai iya binciken ta ba. Lemaître kansa ya ƙi haka. Lokacin da Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana ɗaukar binciken a matsayin shaidar halitta, shi limamin bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa biyun. Awon ma bai tsaya wuri ɗaya ba: a 1998 aka gano faɗaɗar ƙara sauri take yi, ba raguwa ba kamar yadda aka zata, kuma har yau masana suna neman abin da yake tura ta.