Yadda Taurarin Ƙagaggun Labaranmu Ke Ɗaukar Rashi

Idan muka waiwayi littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, za mu ga marubutan farko ba su cika barin tauraro ya zauna yana kuka ba. Da rashi ya same shi, sai su ɗora masa tafiya.

Babban misali shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa bauta, har Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Larabawa ya riƙe shi kamar ɗa. Umar ya rungumi ƙaddara, ya duƙufa ga karatu. Amma uwar ba ta dangana ba. Ta bar gida ta shiga duniya nemansa, ita ma aka bautar da ita, aka ƙetare Sahara da ita, kuma ba ta jima da ganinsa ba ta cika. A ganinmu ita ce ta ɗauki nauyin littafin, ko da yake sunan ɗan ne a bango. Mu mutanen kudancin Kano wannan ba tatsuniya ba ce gare mu, domin a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, hare-haren Ningawa sun raba iyaye da 'ya'ya a yankin Tudun Wada da Doguwa.

Jiki Magayi na John Tafida da East ya bi wata hanya. Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar Zainabu da ƙarfin dukiya, shi kuwa ya mai da baƙin cikinsa ramuwa, ya yi ta yawon neman asiri, abin ya ƙare a kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai a zamanin adabin kasuwar Kano aka fara buɗe mana zuciyar mai rashin sosai. Sumayya ta In Da So Da Ƙauna, na Ado Ahmad Gidan Dabino, rijiya ta faɗa da aka nemi raba ta da Muhammad, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Mu dai Rabi ta Alhaki Kwikwiyo Ne (1990), na Balaraba Ramat Yakubu, ta fi kwanta mana. Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'ya tara saboda amarya. Ta yi kukanta, 'yan'uwa suka tallafa, sannan ta ɗora tukunya ta shiga sayar da abinci. Marubuciyar ba ta ce mana Rabi ta warke ba. Ta dai nuna ta tana lissafin cefane da kuɗin makarantar yara, har ta aurar da Saudatu. Ko da gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu aka matsa mata ta koma ɗakinta, ita ke ciyar da gidan.