Neman Aikin Tuƙin Jirgin Shata: Jagora ga Sabon Matuƙi a Yamai

Wannan shafi domin kai ne, matashin da ya kammala koyon tuƙin jirgin sama, ya dawo gida Kalley ko wata unguwa ta Yamai da lasisi a hannu, amma awoyinsa na tashi ba su wuce 200 ko 250 ba. Iyaye sun kashe dukiya mai yawa, kuma kowa ya zuba maka ido. Ga abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka fara neman aiki.

Mene ne jirgin shata?

Jirgin shata shi ne wanda wani kamfani ko ƙungiya ke ɗauka haya domin tafiya ta musamman, ba bisa jadawalin yau da kullum ba. Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, kuma daga Yamai zuwa Agadas ta mota ya haura kilomita 900. Saboda haka kamfanonin haƙar ma'adinai na Arlit, da na man fetur na Agadem, da ƙungiyoyin agaji, da masu kwasar marasa lafiya sukan dogara da ƙananan jirage, irin su Cessna 208 Caravan da Beechcraft 1900 mai kujeru 19.

Takardun da ake bukata

Bisa ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, lasisin tuƙin kasuwanci yana bukatar shekara 18 da awa 200 na tashi, ko awa 150 idan a cikakken kwas da aka amince da shi aka yi su. Lasisin babban matuƙin jirgin fasinja kuwa sai an kai shekara 21 da awa 1,500. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce aikin da ke gabanka.

Ka tabbata kana da takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, da shaidar iya tuƙi da na'urori lokacin da ba a gani, da shaidar Turancin Ingilishi mataki na 4, wanda ICAO ta wajabta tun 2008. Faransanci kaɗai ba zai fitar da kai ba. Idan a waje ka yi karatu, misali a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, sai ka kai lasisinka hukumar ANAC ta Nijar domin a inganta shi kafin ka tuƙa jirgi mai rajistar ƙasa. Makarantar EAMAC ta Yamai, mallakar ASECNA, tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi ne, ba matuƙa ba. Amma sanin mutanenta zai amfane ka.

Me ya sa ake cewa awoyinka sun yi kaɗan?

Sau da yawa ba mai jirgi ne ke ƙin ka ba. Kamfanin inshora da wanda ya ɗauki shatar su ne ke gindaya yawan awoyin da matuƙi zai cika. Haka kuma jiragen agaji na UNHAS, waɗanda Hukumar Abinci ta Duniya ke gudanarwa, daga kamfanoni ake ɗauko su haya tare da matuƙansu. Don haka kamfanin da ke da jirgin za ka nema, ba ofishin hukumar ba.

Hanyoyin tara awoyi

1. Ka nemi kujerar mataimakin matuƙi, ko da albashin bai taka kara ya karya ba.
2. Ka karɓi aikin ƙasa a kamfanin jirage, kamar tsara tafiye-tafiye da lissafin nauyin kaya. Idan gurbi ya buɗe, wanda aka sani ake fara tunawa.
3. Ka samu shaidar koyar da tuƙi, domin awoyin koyarwa suna shiga lissafi.
4. Idan da hali, ka duba ƙasashen waje. Garin Maun na Botswana ya yi suna wajen ɗaukar sababbin matuƙa masu kai ƴan yawon buɗe ido yankin Okavango. Ka binciki sharuɗɗan izinin aiki kafin ka sayi tikiti.

Ka kai takardunka da kanka filin jirgin sama na Diori Hamani, inda jiragen da ma'aikatansu suke. Shafi ɗaya ya isa: jimillar awoyi, awoyin da kai ne shugaban jirgi, na dare, na tuƙi da na'urori, da ranar ƙarewar kowace takarda.

Sanin ƙasa jari ne

Baƙon matuƙi yana iya fin ka awoyi, amma kai ɗan gida ne. Ka iya bayanin yadda ƙurar hunturu ke rufe fili, da yadda zafin Afrilu da Mayu, mai haura digiri 40, ke rage ƙarfin injin, ya tsawaita gudun jirgi kafin ya ɗaga, har ya tilasta a rage kaya. Ka san guguwar da ke gabatar ruwan damina, da wuraren da ba a samun man jirgi. Hausa ko Zabarmanci da kake ji suna sauƙaƙa aiki a ƙananan filaye.

Gargaɗi

Kada ka ƙara ko da awa ɗaya ta ƙarya a kundin awoyinka. Ana iya gwada shi da kundin jirgin, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne; hukuncinsa yana iya kai wa ga ƙwace lasisi. Kada ka ba dillali kuɗi don alkawarin aiki. Ka karanta kowace yarjejeniyar biyan kuɗin horo kafin ka sa hannu. Kuma ranar da aka matsa maka ka tashi da kaya fiye da ƙima ko cikin mummunan yanayi, ka ce a'a. Aikin da ya kuɓuce ana samun wani, rayukan fasinja kuwa amana ce a hannunka.

A ƙarshe, ka riƙa sabunta takardunka kafin su ƙare, domin kiran aiki ba ya sallama.