Gasar kamun kifin salmon a Manyan Tafkuna

Gasar kamun kifin salmon a Manyan Tafkuna jerin gasanni ne da ake gudanarwa a kowace shekara, galibi daga watan Mayu zuwa Satumba, a garuruwan da ke gaɓar tafkunan Michigan, Ontario da Huron, a ƙasashen Amurka da Kanada. Mahalarta suna shiga tafki a ƙananan jiragen ruwa masu inji, su saki ƙugiyoyi a bayan jirgi, su riƙa jan su yayin da jirgin ke tafiya a hankali. Kifin da aka fi nema shi ne salmon nau'in Chinook, wanda masunta ke yi wa laƙabi da "sarki", sai Coho mai bi masa. Dukansu biyu kifayen tekun Fasifik ne, ba 'yan asalin waɗannan tafkuna masu ruwan daɗi ba. Mutane ne suka kawo su a shekarun 1960 domin maganin wata matsala, kuma makomar gasar har yau tana rataye ne a kan wannan matsalar.

Suna

A Turanci ana kiran wannan dabara trolling, wato jan ƙugiya a bayan jirgi mai tafiya. Mutane da dama suna rikita kalmar da trawling saboda kusancin furucinsu, alhali ita ta biyun tana nufin jan ƙatuwar raga, aikin manyan jiragen kasuwanci. Ana kuma yawan danganta kalmar troll ta masu tsokana a intanet da wannan dabarar ta masunta: mutum ya jefa magana, ya zuna ido ya ga wanda zai haɗiye ta. Yawancin gasannin kuma ana kiran su derby, sunan da ya samo asali daga tseren dawakin Epsom na Ingila, wanda aka fara a shekarar 1780.

Tarihi

Kafin ƙarni na ashirin, babban kifin da ke farautar sauran kifaye a tafkunan shi ne wanda ake kira lake trout. A tafkin Ontario kaɗai ake da salmon na asali, nau'in tekun Atilantika, kuma ya ƙare kafin ƙarshen ƙarni na sha tara saboda madatsun ruwa, sare dazuka da yawan kamu.

Mashigar ruwa ta Welland, wadda aka haƙa domin jirage su kewaye faɗuwar ruwan Niagara, ta buɗe hanya ga baƙi biyu. Na farko shi ne lamprey, wata halitta mai siffar maciji da ke manne wa kifi tana tsotsar jininsa. An gan ta a tafkin Erie a 1921, sannan a tafkin Michigan a 1936. Ita da yawan kamun masuntan kasuwa suka haɗu suka durƙusar da lake trout, har ya kusa ɓacewa daga tafkunan Michigan da Huron a shekarun 1950. Baƙo na biyu shi ne alewife, wani ɗan ƙaramin kifi mai launin azurfa. Da ya tarar babu mai cin sa, sai ya hayayyafa fiye da kima. A shekarar 1967 miliyoyinsa suka mutu, ruwa ya jibge su a gaɓar Chicago da sauran garuruwa, sai da aka sa motocin kwasar ƙasa suka riƙa kwashe su saboda wari.

Amurka da Kanada sun kafa hukumar haɗin gwiwa ta kula da kifin Manyan Tafkuna a 1955, kuma daga ƙarshen shekarun 1950 aka fara zuba wani sinadari mai suna TFM a rafuka domin kashe 'ya'yan lamprey. Saura kuma a samo abin da zai ci alewife. Howard Tanner, wanda ya zama shugaban sashen kifi na jihar Michigan a 1964, shi ne ya kawo shawarar a shigo da salmon. An samo ƙwan Coho daga jihar Oregon, aka ƙyanƙyashe su, aka rene su, sannan a watan Afrilun 1966 aka fara sakin su a kogin Platte. Magajinsa, Wayne Tody, ya ƙara da Chinook a 1967. Shawarar ba ta kimiyya ce zalla ba. Tanner ya zaɓi ya mayar da tafkin wurin kamun kifi na nishaɗi maimakon na kasuwanci, kuma masuntan raga, waɗanda suka gaji sana'ar, su ne suka yi asara a wannan sauyi.

A ƙarshen 1967 Coho suka dawo bakin kogin da girman da ba a yi tsammani ba. Dubban mutane suka yi tururuwa zuwa yankin da ƙananan kwalekwale, yawancinsu ba su san halin babban tafki ba. Ranar 23 ga Satumba guguwa ta taso a kusa da garin Frankfort, ta kife jirage da dama, mutum bakwai suka rasu. Duk da haka sha'awar ba ta ragu ba. Sauran jihohin da ke gaɓar tafkin Michigan suka bi sahu, jihar New York da lardin Ontario ma suka fara sakin salmon a tafkin Ontario a ƙarshen shekarun 1960. Daga nan ne gasannin suka tsiro.

Yadda ake jan ƙugiya

Babbar matsalar masunci a nan ita ce zurfi. Chinook kifin ruwan sanyi ne, ya fi sakewa a wajen digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyas. A watannin Yuli da Agusta saman tafki yakan yi ɗumi, ruwan sanyi ya kwanta a ƙasa, a samu wata iyaka a tsakaninsu inda zafin ruwa ke sauka farat ɗaya. A kusa da wannan iyakar alewife ke taruwa, salmon kuma yana bin su daga ƙasa. Wata rana iyakar tana zurfin mita goma sha biyar, wata rana ta wuce mita talatin. Iska ce ke juya ta: idan ta kwana tana kaɗawa daga gaɓa zuwa cikin tafki, takan ture ruwan ɗumi ta tafi da shi, ruwan sanyi ya taso kusa da gaɓa, kifi ya biyo shi. Wurin da ya yi albarka jiya yana iya wayar gari babu ko ɗaya.

Ƙugiya kuwa idan aka ja ta a bayan jirgi, sama take tasowa. Duk kayan aikin wannan sana'a ƙoƙari ne na danne ta zuwa ƙasa. Mafi muhimmanci shi ne daunriga, wata na'ura da ake kafawa a bayan jirgi, mai naɗe da wayar ƙarfe, a ƙarshen wayar akwai dunƙulen darma mai nauyin kilo huɗu zuwa bakwai. Ana maƙale zaren kamun kifi a wani ɗan matsi kusa da darmar, a sauke su tare zuwa zurfin da ake so, na'urar tana nuna adadin zurfin. Da kifi ya cafki ƙugiya, zaren zai suɓuce daga matsin, sandar da ke lanƙwashe ta miƙe, masunci ya yi ta fama da kifin ba tare da nauyin darmar ba. Akwai kuma wani faifai mai suna Dipsy Diver, wanda matsin ruwa ke tura shi ƙasa da gefe guda, da zare mai darma a cikinsa, da wayar jan ƙarfe, waɗanda nauyinsu ke nutsar da su. Waɗannan na ƙarshe akan haɗa su da wasu 'yan alluna masu yawo a saman ruwa da ke janye zaren nesa da jirgi, domin kifi yana gudun ƙarar inji.

Abin da ake yaudarar kifin da shi iri-iri ne. Akwai siririn ƙarfe mai siffar cokali da ke kaɗawa kamar alewife mai rauni. Akwai allon roba mai walƙiya da ke juyawa, a bayansa wani tuntu mai ɓoye ƙugiya ko yankan kifi na gaske. Masunta suna yawan gardama a kan launi, amma gogaggunsu sun fi damuwa da sauri. Jirgi yakan yi tafiyar kilomita uku zuwa biyar a awa, sai dai igiyar ruwa a ƙasa ba lallai ta dace da ta sama ba, shi ya sa ake ɗaura wata na'ura kusa da darmar mai aiko da zafin ruwa da saurin tafiya a can zurfin. Direban jirgi kuma yakan riƙa karkata hagu da dama, domin a kan kwana ƙugiyoyin waje suna ƙara sauri, na ciki suna raguwa. Ɓangaren da kifi ya kama shi ke nuna saurin da yake so a ranar.

Doka ta ƙayyade yawan zaren da mutum ɗaya zai saki. A jihar Michigan uku ne, don haka jirgi mai mutum huɗu yana iya jan goma sha biyu. Babban Chinook ɗaya ya isa ya hargitsa su duka idan ya ruga gefe, kuma yakan ja gomman mitoci na zare kafin ya gaji. An fi samun kamu da asuba, kafin rana ta ɗaga.

Tsarin gasa

Gasannin sun kasu gida biyu. Na farko na kowa da kowa ne: mutum ya sayi tikiti, ya fita duk lokacin da ya ga dama a cikin kwanakin gasar, ya kai kifinsa wurin awo da aka amince da shi, wanda ya kawo mafi nauyi ya ci. A wannan rukuni akwai Salmon-A-Rama a garin Racine da gasar K/D ta yankunan Kewaunee da Door, dukansu a jihar Wisconsin cikin watan Yuli, da Great Ontario Salmon Derby mai ɗaukar makonni a ɓangaren Kanada na tafkin Ontario, da LOC Derby a ɓangaren New York, da Salmon Spectacular a garin Owen Sound. Sa'a tana da babban rabo a irin wannan, domin wanda ya fita ranar farko a rayuwarsa yana iya doke wanda ya shekara talatin a kan ruwa.

Na biyu na ƙungiyoyi ne, na kwana ɗaya ko biyu. Jirage suna tashi a lokaci guda da sassafe, dole kuma su dawo kafin wani ƙayyadadden lokaci, wanda ya makara a rage masa maki ko a soke kamunsa na ranar. Ana ƙayyade yawan kifin da za a auna, kuma tsarin da aka saba shi ne maki goma a kan kowane kifi, da maki ɗaya a kan kowace laba ta nauyinsa. Wannan lissafin yana tilasta wa ƙungiya zaɓi: ta tsaya inda ƙananan kifaye suke da yawa ta cika adadi, ko ta yi nisa neman manya ta yi kasadar dawowa da kaɗan. A rukunin ƙwararru, kowace ƙungiya takan ba da mutum ɗaya ya hau jirgin wata a matsayin mai sa ido.

Kifin da ke cin manyan gasanni galibi yana tsakanin kilo 12 zuwa 16, gwargwadon yalwar abinci a shekarar. Chinook mafi nauyi da jihar Michigan ta tabbatar an kama shi ne a watan Agustan 2021 kusa da garin Ludington, nauyinsa laba 47.86, wato kusan kilo 21.7. Ya ɗara na jihar New York da ɗan kaɗan, wanda aka kama a kogin Salmon a 1991 da nauyin laba 47 da oza 13.

Da yake akwai kuɗi masu yawa a ciki, magudi ba baƙon abu ba ne. Wasu gasanni suna sa wanda ya yi nasara ya zauna a gaban na'urar gano ƙarya kafin a biya shi, ana kuma iya farke cikin kifin. A shekarar 2022, a wata gasar kifin walleye a birnin Cleveland da ke gaɓar tafkin Erie, an tarar da dunƙulen darma a cikin kifin wasu mutum biyu. Kotu ta ɗaure su kwana goma, aka kuma ƙwace jirginsu.

Matsalar abinci da muhawara

An kawo salmon ne don ya rage alewife, yanzu kuma abin tsoro shi ne kada alewife ya ƙare. A ƙarshen shekarun 1980 wata cutar ƙoda ta kashe Chinook masu yawa a tafkin Michigan, masana suka danganta tsananinta da yunwa. A daidai lokacin, a 1988, aka gano wasu ƙananan halittu masu ɓawo, dangin ƙumba, da ake kira zebra, waɗanda jiragen dakon kaya suka shigo da su daga Turai, daga baya 'yan uwansu quagga suka mamaye ƙasan tafkunan. Suna tace ruwa suna cinye ƙananan halittun da alewife ke rayuwa a kansu. Ruwa ya yi garau, amma garau ɗin alamar talauci ce. A tafkin Huron alewife ya rushe a tsakanin 2003 da 2004, Chinook ya bi shi, garuruwan da ke cin abinci da masu zuwa kamun kifi suka ji a jikinsu.

Don gudun maimaita haka, jihohin da ke kewaye da tafkin Michigan sun rage yawan Chinook da suke saki da kusan rabi a 2013. Masu jiragen haya da masu shirya gasa da yawa ba su ji daɗi ba. Sai dai ikon hukuma a nan yana da iyaka, domin yanzu babban kaso na Chinook ɗin tafkin a rafuka ake haifar su, ba a gidajen ƙyanƙyasa ba. Ana gane bambancin ne ta hanyar yanke wani ɗan fiffike da ke kusa da wutsiyar kifin da aka rena, a kuma dasa wata ƙaramar waya mai lamba a hancinsa. Ma'aikatan hukumomin kifi sukan je wuraren awo na gasanni su auna kifi su karɓi kawunansu, saboda da wuya su sami kifi mai yawa haka a wuri ɗaya.

Akwai kuma saɓani tsakanin masu son salmon da masu son a farfaɗo da kifayen asali. Alewife yana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jikin kifin da ya ci shi, abin da ke kashe 'ya'yan lake trout tun suna ƙanana. Bayan rushewar alewife a tafkin Huron, lake trout ya koma haihuwa da kansa, walleye ma ya ƙaru. Ga masu gasa wannan asara ce, ga wasu masana kuma waraka ce.

Ba kamar wasu gasannin kifi ba, a nan ba a cika mayar da kifin ruwa ba, domin wanda aka jawo daga ruwan sanyi zuwa ruwan ɗumi bayan doguwar fafatawa ba kasafai yake rayuwa ba. Ana cin sa, amma hukumomin lafiya na jihohin da na lardin Ontario suna fitar da shawarwari kan yawan da ya kamata a ci, musamman ga yara da mata masu ciki, saboda ragowar sinadarin PCB da makuri da ke taruwa a jikin manyan kifaye.